Furar da Ta Kusa Sa a Huda Mini Hanta

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na fara ganin Habi a tashar motar Kankiya ba. Tana sauke ƙwaryar nono daga kanta, warwaron hannunta na ƙara, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kusada, kuma na karanta littattafan soyayya fiye da littattafan darasi. Wata da watanni ina bi ta gabanta, ban taɓa iya ce mata ko sannu ba.

Ana cikin haka aka gano ina da ciwon suga, daga baya hoto ya nuna kitse ya taru mini a hanta. (A littattafaina ciwon zuciya ne ke kama saurayi, ni sai ga ni da kitse.) Likita ta tura ni wani babban asibiti a Katsina, inda suke da na'urar awon taurin hanta. Ba allura, ba yanka: a tsakanin haƙarƙari ake ɗora ta, ta ɗan buga, ta nuna ko hanta ta fara tabo. Sharaɗin ɗaya ne, in zo ciki wayam, ko koko kada in kurɓa.

Yayana Sale ya baro gonarsa a Dudunni don ya raka ni. Saboda tausayi shi ma ya ƙi karyawa. A tasha ya tafi nema mana mota, sai na ji murya: “Malam, zo mana.” Habi ce! Ta dama fura, ta zuba suga, ta miƙo mini. “Sha, kyauta na ba ka.”

Na san sharaɗin sarai. Amma wane saurayi ne a duk abin da na karanta ya taɓa mayar da hannun budurwa? Na shanye tas, har da lashe ludayi.

A asibiti aka kwantar da ni, hannun dama a bayan kai. Likitar da ke yin awon ta tambaya, “Ka ci wani abu?” Yaya ya riga ni amsawa: “Ko ruwa bai sha ba, ni shaida ne.” Na gyaɗa kai.

Na'ura ta buga, ta sake bugawa. Sai na ga fuskar likitar ta canja. Ta ce taurin ya yi yawa, bai yi daidai da gwajin jinina ba, kuma in haka ne wataƙila sai an sa doguwar allura an ciro ɗan tsoka daga hantar an duba.

Yaya ya hau salati, ya zaro waya ya kira Inna. “Ki yi haƙuri, hantar yaron nan ta tafi.” Daga inda nake kwance ina jiyo kukanta. Ga allura na jirana, ga uwata na kuka, amma bakina ya ƙi buɗuwa.

Cikina ne ya yi maganar. Ina yunƙurin tashi zaune sai wata gyatsa ta ƙwace mini, mai ƙarfi, ta cika ɗakin da tsamin nono.

Yaya ya sauke wayar a hankali, ya matso, ya shinshina.

“Kai! Fura?”

“Yaya, kaɗan ce...”

“Ni ina nan yunwa na cin hanjina, kai ka sha fura? Wa ya ba ka?”

“Wata yarinya ce a tasha.”

Ya manta bai kashe wayar ba. Muryar Inna ta fito tar: “Wace yarinya?”

Likitar ta juya mana baya, tana ƙoƙarin danne dariya. Da ta samu natsuwa ta bayyana mana cewa abinci na sa awon ya hau, shi ya sa ake hanawa. Sannan ta tambaya, “Da suga?” Na sunkuyar da kai.

Da na koma asibitin wata rana da cikina wayam, tabon ɗan kaɗan ne, ba a yi zancen allura ba. Aka sa ni rage ƙiba da kula da sugana, na kuwa kula, ko don kunya. Na dai koyi cewa mutum na iya yi wa likita ƙarya, amma cikinsa ba ya rufa masa asiri.

Habi ta auri wani makiyayi a Mawashi. Bayan shekaru na gamu da ita ranar kasuwa, da goyo a baya. Na rame, ba ta gane ni ba, sai da na tuna mata kyautar nan.

Ta yi dariya. “Au, kai ne mai ƙibar nan? Ai kwantai ne, Malam. Na ga ya fi in zubar.”