Yadda Za Ka Hau Tsaunin Surukai Ba Su Ga Harshenka a Waje Ba

Kai da ka je birnin Lima ka tara tumbi, ka dawo neman aure a ƙauyen bayan tsauni, matso kusa. Bi abin da zan faɗa maka, na rantse sai ka kai ƙoli da mutuncinka. Eleuterio ɗan maƙwabciyata ya gwada, ranar da ya bi budurwarsa Basilia da iyayenta zuwa gidansu. Ubanta Anselmo ya riga ya ce ba ya ba da 'ya ga wanda hawa ya kayar.

1. Dutse

Ka dai san kowa kan ɗauki dutse daga gindin tsauni ya kai tulin da ke ƙoli, ya sauke damuwarsa a kai. Zaɓi ƙato, a gaban surukai. Da an sha kwana, yar da shi. Eleuterio ya cusa hularsa cikin bargon goyonsa don a ga ƙullutu. Yaron da kai, ba laifi.

2. Haki

Kada ka ce ka gaji. Tsaya, kama ƙugu, ka yabi lama, dabbobin nan masu dogon wuya da ke ɗauke da kaya.

"Baba, wannan lamar taku, wace ce uwarta?"

Shi ke nan, tsoho ya fara tun daga kakar kakarta, kai kuwa kana ta zuƙar iska. Amma kada ka matsa gabanta, tofi take yi.

3. Ganyen koka

In surukuwa ta miƙo ganyen nan da ake taunawa don kore gajiya, karɓa da hannu biyu, cika kumatu dam. Mai cikakken baki ba a jansa da hira.

"Ɗan nan, leɓenka ya yi shuɗi," in ji Fermina, uwar yarinya.

"Mmm," in ji shi. Amsa ke nan mai kyau.

4. Ƙoli

Yanzu kana bukatar wani dutsen. Ce za ka zaga, ka tsinto a nesa. A nesa na ce! Eleuterio ƙafa ta ƙi, sai ya laɓe bayan tulin, ya zaro ɗaya daga ciki, ya fito yana nishi, ya ɗora.

Fermina ta ƙura ido. "Anselmo, zo ka gani. Wannan mai jan zare a ɗaure, ba na gwauruwa Saturnina ba ne?"

"Wanda ta kawo bara tana roƙon miji?"

"Shi fa!"

To, a wajenmu wanda ya ɗaga dutsen wani ya ɗauki abin da ke kansa. Basilia ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Baba, ku sallame shi. Ni ba na ƙwace wa tsohuwa miji."

Gargaɗi

Wanda ya suma, ko ya gangara, ko aka hana shi mata, kada ya zo ƙofata, ba hannuna. Ban da Eleuterio. Saturninar nan ni ce. In kun gan shi ku ce dankali ya dahu, ya daina tsallake katanga in ya hango ni.