Nomau da Kwamfutar da Aka Ƙure wa Wuta

A Ɗan Marke, katanga ɗaya ce ta raba gidana da na marigayi Malam Jibo. Ya bar mata ɗaya, Tabawa, da 'ya'ya maza biyu. Babban shi ne Nomau, ya ba arba'in baya. Ba ya ƙarya, ba ya sata, amma in ka ce masa ya tsaya a bakin ƙofa ka manta da shi, gobe nan za ka tarar da shi. Ƙaramin, Lurwanu, shi ake kira mai ilimin gidan. Yana ɗaukar bidiyon biki, yana tace shi a wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, kuma da ita gidan yake cin tuwo.

A bazarar nan Sarkin Fawa ya aurar da 'yar autarsa, biki na kwana huɗu. Lurwanu ya ɗauke shi kaf, ya juye a kwamfutar, ya goge na cikin kyamara. Duk duniya babu wani kwafi. Sarkin Fawa ya ba shi mako uku, domin dangin ango za su zo daga Maraɗi su kalla. Ya ce in suka zo babu bidiyo, kada Lurwanu ya sake ɗaga kyamara a garin nan. Mutumin da duk mai biki sai ya bi ta wurinsa neman nama, in ya faɗi haka ba wasa yake ba.

Kwamfutar kuwa tana tafiya kamar mai ciwon gwiwa. Sai Lurwanu ya gani a waya cewa Turawa suna ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta wuta, ta yi gudun da ya wuce wanda maƙeranta suka ɗibar mata. Ni shekara talatin ina markaɗe da inji, na san ƙarshen injin da aka ƙure wa wuta. Na leƙa ta katanga na ce masa waɗanda ya gani ɗin a ƙasar ƙanƙara suke. Ya ce, “Gwaggo, wannan ba barkono ba ne.” Ya ce sai an sauya kayan ciki tukuna. Shi ba zai bar aiki ba, don haka Nomau zai riƙa aika birni.

Wata rana ya ce, “Yaya, ka sayo mini ram guda biyu. Su ne 'yan sandunan da kwamfuta take riƙe aiki da su. Su zama iri ɗaya sak, ko ɗigo kada ya bambanta.” Nomau ya shiga kasuwar kwamfuta. Duk biyun da aka miƙo masa sai ya kai su rana ya duba lambar jikinsu, ya ga ta wannan ta ƙare da bakwai, ta wancan da takwas, ya mayar. Shago tara ya zaga. A na goma mai shagon ya gaji, ya turo masa kwalin matattun kaya ya ce ya zaɓa da kansa. Nomau ya dawo da la'asar yana murmushi. Sanduna biyu, babu lamba a jikin kowanne, kuma dukansu sun ƙone a gefe ɗaya.

“Yaya, ai waɗannan matattu ne.”

“Duka biyun,” in ji Nomau. “Sai da na tabbatar.”

Wata rana Lurwanu ya ce, “Zafi ne abokin gabar wannan aiki. Ka samo fanka, wadda ta fi kowace girma.” Shi nufinsa 'yar fankar da ake ɗaurawa a kan ƙwaƙwalwar, wadda ba ta wuce tafin hannu ba. Washegari a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, ƙarti uku suka sauke fankar da ake kafawa a ɗakin taro. Kafin Lurwanu ya fito daga wanka Nomau ya tayar da janareta ya kunna ta. Hotunan amare da ke shanye a tebur suka bi ta taga. Rabinsu suka sauka a cikin markaɗen waken wata mata a gidana, sauran a makabarta aka tsinto su. Tabawa ta bi ɗankwalinta har bakin rijiya, tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro kwamfuta.

Wata rana aka zo kan katin hoto, wanda shi ne yake ɗaukar nauyin bidiyo. Wannan karon Lurwanu ya ce ya yi dabara. Ya auna cikin akwatin kwamfutar da kara, ya karya daidai, ya ce, “Ka sayo mafi ƙarfi a kasuwar. Amma kada ka shigo gidan nan da wanda ya fi karan nan tsawo.” Nomau ya sayo mafi ƙarfin. A tasha ya gwada, ya ga ya ɗara karan da yatsa uku. Ya tsallaka titi wurin mai walda. Mai waldar ya tambaye shi sau biyu ko ya tabbata, sannan ya sa zarto.

Lurwanu ya daɗe yana kallon katin. Can ya ce, “Ina guntun?”

Nomau ya zaro shi daga aljihu. “Shi ma bai kai karan ba, shi ya sa na shigo da shi.”

Daga nan babu abin sake aike. Saura kwana biyu baƙi su iso, Lurwanu ya ce da tsofaffin kayan zai ƙure mata wutar, in ya so Allah ya kiyaye. Tabawa ta ce ya kai aikin birni a tace masa. Ya ce ai sai a yi masa dariya.

Wata rana, ranar Alhamis ce, rana tana dukan kwano, ya ce, “Yaya, zan je sallar azahar. Kafin in dawo, duk abin da zafi zai lalata ka fitar da shi daga ɗakin nan.” Nomau ya fitar da kyandir da man shafawa da ƙwan zabin Tabawa. Ya kori kyanwa. Sannan ya tsaya yana kallon kwamfutar, wadda take a kashe, murfinta na gefe a buɗe. Ya zura hannu yana taɓa kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ji wani ɗan akwatin ƙarfe da ɗumi har yanzu. Ya cire masa wayoyi ya fita da shi.

Lurwanu ya dawo bai duba ba. Ya kunna, ya shiga wurin saitin wuta kai tsaye, ya ƙara lamba, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Nomau ya kama hannunsa yana ja.

“Mene ne kuma?”

“Kai ma gumi kake. Fito.”

Suna wannan jayayya aka ji fat. Hayaƙi mai warin roba ya cika ɗakin, har gidana na ji. Da aka kashe wutar da ƙasa, babu abin da ya tsira a cikin akwatin. Lurwanu ya zauna a dandamali, babban mutum, yana kuka yana cewa biki ya ƙone.

Labari ba ya daɗewa a Ɗan Marke. Sarkin Fawa ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce, “Ina bikin 'yata?” Lurwanu ya nuna masa toka. Tabawa ta je ɗebo wa baƙo ruwa ko zai huce, ta dawo riƙe da wani abu, tana faɗa, tana tambayar wanda ya ajiye mata ƙarfe a gindin randa cikin ƙwai. Lurwanu ya ɗago kai. Ma'ajiyar kwamfutar ce, da bikin kwana huɗu a cikinta, ko ƙwarzane babu. Ranar ya hau mota zuwa birni, inda aka ce ya je tun farko, aka tace bidiyon, 'yan Maraɗi suka kalla har sau biyu.

Bayan baƙi sun tafi Sarkin Fawa ya kira Nomau mahauta, ya miƙa masa cinyar rago, ya ce, “Ungo, wannan ta mai hankalin gidanku ce.” Nomau ya ɗauka ya shiga gida. Ya leƙa ɗakin Lurwanu, ya leƙa na Tabawa, ya duba har bayan rumbu. Sai ya koma mahauta, ya durƙusa, ya ajiye cinyar a kan tebur.

“Ranka ya daɗe, na duba ko'ina. Ba mu da shi.”