Jarkar Kare Ƙasa

Jama'a, ku taya ni murna, jiya na kare ƙasata da jarka guda.

Da sassafe na bi layin man gas a bakin tasha, don in zuba wa kwalekwalena in fita su. Tun da babbar maƙwabciyarmu ta arewa ta shiga ƙera jiragen yaƙi kamar mai suyar waina, ta jere su a ruwan da kakanninmu suka ci kifi, sai mun ƙona mai mun yi zagaye mai nisa. Wanda ya matsa kusa kuwa, su yi masa wanka da mesa, ba ko sabulu.

Ana cika mini jarkata, mai ya ƙare. Ina murna, sai Temyong maƙwabcina ya zungure ni.

"Mang Kulas, waiga ka gaida rundunar ruwanmu."

Na waiga. Wani bawan Allah ne cikin farin kaki, riƙe da jarka wayam.

"Kuya, babban yaya, a taimaka," in ji shi. "Jirgin sintiri ba mai, kuma Mai Girma Uban Teku, shugaban rundunarmu, ya ce lallai a fita yau."

Jirgin nan ne fa da aka ƙaddamar da kiɗa da gasasshen alade, aka rantse zai raka mu har bakin ruwanmu. Tun ranar yake ɗaure, har katantanwa ta kafa unguwa a gindinsa.

Kishin ƙasa ya turnuƙe ni, har idona ya kawo ruwa. Na juye masa maina kaf.

"Pare, abokina, ka haukace?" in ji Temyong. "Gidanka ba ko kan kifi. Yau matarka Minda za ta ƙaddamar da kai!"

Da hantsi jirgin ya tashi, muna ta tafi. Sai ya juya wa jiragen maƙwabciya baya, ya miƙe tsibirin nan mai farin yashi, ɗauke da surukan Mai Girma da tukwanen abincinsu. Allah ya ja zamanin Uban Teku! Wannan ita ce dabarar yaƙi: maƙiyi ba zai taɓa samun jirginmu inda yake zato ba.

Na koma gida hannu rabbana, kunya kamar ta kashe ni. Minda matata ta dire mini shinkafa da kifin ƙanƙara, irin wanda maƙwabciya ke kamawa a ruwanmu ta aiko mana a kwali.

"Ci, jarumi," ta ce. "Ɗan garinku ne, ya je ya dawo. Ya fi ka zuwa teku."

Gobe in kun gan ni a layi, don Allah kada wanda ya ce in waiga.