Rasuwar Kawu, Injin Zuƙe Ƙurar Shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da ƙirji mai cike da garin katako, ni Joshua, mai shagon kafinta da ke bakin titin Romi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar injin zuƙe ƙurarmu, wanda ma'aikata ke kira Kawu. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin ya fara rayuwa ne a wata masaƙa a Kakuri, inda ya yi ƙuruciyarsa yana haɗiye ƙurar auduga. Da masaƙar ta rufe, mahaifina ya ɗauko shi a bayan akori-kura. Don auduga aka ƙera shi, mu kuma muka ɗora masa garin katako da ƙurar sanfefa, takardar goge katako, bai taɓa yin ƙorafi ba. Da safe yakan gaishe mu da "gaf, gaf, wuuuu", ya kama aiki sai an ɗauke wuta. A zamaninsa mutum kan wuni a shagon ya koma gida ba tare da ya fyace baƙar majina ba.

Ciwon ya soma ne daga jakunkunansa na tacewa, waɗanda suka yayyage har tela ya gaji da faci. Daga baya muryarsa ta koma "kirrr, kirrr". Ranar da wuta ta dawo da ƙarfi, ya yi hayaƙi ya yi shiru. Malam Ɗahiru mai gyaran injuna ya buɗe cikinsa, ya shinshina, ya mayar da murfin, ya yi mini ta'aziyya.

Ya rasu ya bar injin yanka da injin goge katako, marayu masu tayar da ƙurar da babu mai kwashewa. Ya bar maƙwabciyarmu Mama Jemimah, wadda masu cin abinci suka guje wa rumfarta saboda gari a kan miya. Ya kuma bar Blessing, gwanar sanfefa, mai ciwon asma, wadda likita ya hana ta sake taka shagon, alhali da aikin take ciyar da 'ya'yanta.

Mun nemi magaji. Inji mai siffar mazurari, wanda ƙarfinmu ya kai, manyan ɓarɓashi kawai yake kamawa, ya bar laushin da ke shiga huhu. Mai jakunkuna da ya dace da ƙurarmu kuwa, mun ji kuɗinsa mun dawo gida. Jami'an muhalli sun zo, sun ce ko injin ko kwaɗo a ƙofa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. 'Yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, za su zo su ɗora shi a sikeli, su wuce da shi. Za a yi zaman makoki a ƙofar shago, don cikin ba ya zaunuwa. Masu zuwa su taho da takunkumi.

Allah ya ta'azantar da mu.