Ma'ajiyata a Kwandon Shara

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da aka zo koya mana kwamfuta a makarantarmu ba. Ko na so in manta, Malam Bitrus na nan da ransa zai tuna mini.

Ƙaramar makarantar kuɗi ce a Dogarawa, ina koyar da lissafi. Kwamfuta ɗaya tal gare mu a ɗakin malamai, kowa da foldarsa ta ajiye takardu, kowa kuma yana leƙa ta ɗan'uwansa. Sarkin leƙen shi ne Malam Bitrus mai koyar da tarihi, wanda ko ledar cefane ka ajiye sai ya san abin da ke ciki. To ni da nake ji da kaina (ni ake kira in firinta ta ƙi aiki, in kashe in kunna, a yi ta sa mini albarka) sai na ƙirƙiro dabara. Duk abin da ba na so a gani, sai in jefa shi kwandon sharar kwamfutar. Wa zai buɗe shara? In ina bukatarsa in fito da shi, in na gama in mayar. Wata takwas ina haka, ina yi wa sauran malamai kallon ƙauyawa.

A makon nan abu biyu ne kwance a ciki. Akwai tambayoyin jarrabawar da na yi sati uku ina haɗawa, waɗanda Madam, shugabar makarantar, za ta karɓa washegari. Akwai kuma takardar neman aiki a wata makaranta a Samaru, wadda ko matata ba ta san da ita ba.

Mai koyarwar, Malama Hajara, daga jami'a aka gayyato ta. Ta haɗa kwamfutar da majigi, komai ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Ta ce akwai babbar manhaja mai tafiyar da komai, sannan akwai ƙanana masu yi mata hidima: mai maganin cuta, mai adana kwafi, mai shara. Ina kujerar gaba ina gyaɗa kai, har ina riga ta ƙarasa magana.

"Kwamfutar nan taku ta yi nauyi," in ji ta. "Wa zai zo ya gwada mana mai sharar?"

Madam ta nuna ni. "Ga gwaninmu nan."

Na miƙe ina gyara hula. Na buɗe mai sharar, rubutu ya fito yana tambaya ko na tabbata. Ban karanta ba (gwani ba ya karatu), na danna. Sai da na koma kujera na tuna da ma'ajiyata.

"Malama, me da me ta share ne?"

"Tarkace kawai, Malam. Da duk abin da ke kwandon shara."

Da na yi shiru, da asirina ya rufu, in je in ƙirƙiro wata ƙarya gobe. Amma sati uku ba wasa ba ne. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya na ce jarrabawata na ciki.

"Ka goge ta bisa kuskure ne?"

"A'a. A can nake ajiya."

Malam Bitrus ne ya fara magana, cikin takaici: "Shi ya sa foldarka kullum wayam."

Malama Hajara, Allah ya saka mata, ba ta yi dariya ba. Ta ce dama akwai manhajar da ke dawo da abin da aka share, darasi ya zo da kansa. Na ji sanyi a raina, har na manta da abu na biyu. Fayiloli suka jeru a bango, sunayensu duk sun koma lambobi, sai ta ce dole a buɗe ɗaya bayan ɗaya a gane jarrabawar.

Na farkon da ta buɗe takardar neman aikin nan ce. Ta yi saurin rufewa, amma malamai ne fa, karatu sana'arsu. Kowa ya ga layin da na ce ni ƙwararre ne a fannin kwamfuta, da wanda ke bi masa, cewa ina son barin inda nake saboda shugabarmu ba ta san darajar ƙwararru ba.

Na so ƙasa ta tsage. Na gama sallamawa cewa aikina ya tafi.

Madam ta cire gilashinta ta goge a hankali. "Gaskiyarka, Malam, ban sani ba. Amma yau na sani." Ta juya ga Malama Hajara. "Ci gaba, ki nemo masa jarrabawarsa. Gobe da safe nake son ta."

Ba ta kore ni ba, ni ma ban aika takardar ba, don da wane ido? Ina nan har yau. Abin da na koya shi ne, in kwamfuta ta tambaye ka ko ka tabbata, ka tsaya ka karanta. A duk ɗakin nan kwamfutar ce ta fara ƙoƙarin rufa mini asiri.