Yadda Ake Mayar da Tsatsar da Ka Goge Kafin Mai Ita ta Dawo

Kai da 'yarka ta yi karatu har ta wuce inda kake gane maganarta, matso kusa ka buɗe kunne. Shekara arba'in da ɗaya na yi a maƙera, ban taɓa ba mutum abin da ban gwada ba. Bi matakan nan yadda na bi su, na yi maka alkawari za ka fita da mutuncinka, ko aƙalla rabinsa.

1. San abin da ka ɓata

Autata tana aiki a ɗakin bincike, kuma aikinta shuka tsatsa a kan ƙarfe. Abin da na ƙare ƙuruciyata ina kankarewa, shi aka ba ta farar riga ta yi. Ana sa ɗan ƙarfe kamar farcen babban yatsa cikin wata tukunya mai tagogi, a zuƙe iskar ciki kaf, a gasa shi, sannan a sako masa iska kaɗan-kaɗan kamar ana ɗiga wa jariri magani. Tsatsar da za ta fito, don siranta, ido ba ya ganinta.

Wata biyu ta yi kafin ta samu guda mai kyau, kuma da shi za ta tsaya gaban malamanta ranar Litinin. Ta ajiye ɗan akwatin gilashi a teburin falo, ta ce kada kowa ya buɗe, ta fita kasuwa.

Na san ka riga ka buɗe, don ni ma na buɗe. Ka leƙa ba ka ga komai ba, ka hura masa numfashi, ka murza da hannun riga. Sai da ya ɗauki ƙyalli ka tuna cewa tsatsar ce aikin.

2. Kada ka nemi shawarar uwarta

Matata tana zaune tana ninke wanki. Ta tambaye ni ko hannun nan nawa ya soma ƙaiƙayi ne. Na ce dubawa kawai nake yi. Ta yi mini fatan sa'a, ko kai ba ta ɗaga ba. In matarka ta ga ɓarna irin wannan ba ta yi salati ba, ka tsaya ka yi tunani. Ni ban tsaya ba.

3. Rabu da ruwan gishiri

Gwada shi a kan tsohuwar ƙusa tukuna. Yana da jinkiri, kuma tsatsar da yake kawowa ja ce mai kaushi, irin ta ƙofar gareji. Ba a kai wa malamai irin wannan.

4. Zuƙe iskar

Jefa ƙarfen a kwalba, huda murfin, sa tiyo, ja da bakinka. Famfon maƙwabcinka mai gyaran keke ba zai taimake ka ba, turawa kawai ya iya. Ci gaba da ja har bango ya soma juyawa, sannan ka zauna a ƙasa ka sha ruwa. Iska tana nan inda ka same ta. Amma wanda duk ya gan ka zai shaida ka bi ƙa'ida.

5. Koma ga abin da ka iya

Hura gawayi. Kama ƙarfen da awartaki, riƙe shi sama da garwashi, kada ka tsoma. Zuba ido. Zai yi ruwan zuma, ya yi duhu, sannan ya juye shuɗi kamar wuyan tattabara. Nan za ka janye, ko ƙiftawa kada ka ƙara. Bari ya huce, mayar da shi akwati, ɗauki rediyonka ka zauna kamar tun safe kake wurin.

6. Tsare gida

Da yarinyar ta shigo ta daɗe a kan akwatin.

"Baba, wannan shuɗin fa?"

Na ce mai yiwuwa nuna ya yi, yau akwai zafi. Ta yi dariya har ta zauna a kan tabarma. Ta ce shuɗin ma tsatsa ce, kuma tawa ta ninka tata kauri sau da yawa, amma ba ta taɓa ganin launi ya kwanta daidai haka ba. Sannan ta zuge jakarta ta fito da wani ɗan bututun ƙarfe a ɗaure tam da noti. Na gaskiyan yana ciki.

"Tun ina firamare ka goge mini lambar yabo har rubutun ya ɓace. Wancan ƙarfen na bar maka ne don hannunka ya samu abin yi. Shawarar Mama ce."

Uwar tana can tana ninke rigar da ta riga ta ninke sau uku.

Ranar Litinin yarinya ta ci jarrabawarta. Shuɗin yana rataye a makullanta, kuma ta ce babban malaminsu yana tambaya yadda na gane zafin ba tare da na'ura ba. Na ce ya zo in nuna masa, amma ya taho da gawayinsa.

Gargaɗi

Wannan hanya tana aiki ne kawai ga wanda 'yarsa ta san halinsa. In taka ƙarfe ɗaya gare ta kuma shi ta bari a tebur, to ban san ka ba, ba mu taɓa gaisawa ba, kada ka biyo ta ƙofata. Ni ban ce ka buɗe akwati ba. Cewa na yi na san ka buɗe.