Darbejiyar Da Ta Faɗo Kan Gwamnati Uku

Jama'a, da yagaggen wando na isa ɗaurin auren ɗan aminina, kuma ba laifin tela ba ne. Tsohuwar darbejiyar bakin lungunmu, nan kusa da Ƙofar Mazugal, ita ce iskar farkon damina ta kayar, ta toshe hanya ɗaya tilo da muke fita. Mai son titi sai ya tattare riga ya haura ta. Na haura da tumbina, reshe ya cafke ni ta baya, sai ji na yi ɓaar!

Nawa ma wasa ne. Maƙwabciyarmu Baba 'Yardada ciwon ƙafa ya tasar mata, mai adaidaita ya kasa shigowa, sai a kujerar roba aka tsallakar da ita tana ta salati. Maƙwabcinmu Mala mai jakunkunan fata a kasuwar Kurmi kuwa kullum a ka yake fito da kayansa.

Da yamma ina dakali ina mita: "Wai ina gwamnati ne?"

Malam Nazeer, mai koyarwa a sakandare, ya gyara tabarau. "Wacce daga ciki, Malam Ilu? Ai uku gare ka. Tsarin tarayya muke bi. Kundin tsarin mulki ya raba iko: wani na tarayya ne ita kaɗai, kamar soja, wani ita da jiha, ragowar na jiha. Ƙaramar hukuma kuma ta ji da kasuwa da kwata. An yi haka ne kada iko ya taru a hannu ɗaya, talaka kuma ya sami na kusa da zai kai wa kuka."

Na ce, "Madalla. To faɗaɗɗiyar bishiya fa, rabon wa ce?"

Ya cire tabarau, ya goge, ya ce gara mu je mu tambaya.

Ni da Mala muka fara da Ranka-ya-daɗe Na Kusa, na ƙaramar hukuma. Ya ce, "Gangar jikinta a ina take?" Muka ce a kan kwalbati. Ya ce, "Ka ji! Kwalbati na manyanmu na jiha ne. Rassan ne namu, su kuwa ba sa ɗaukuwa sai an ɗauke gangar."

Mai Girma Na Tsakiya, wanda sanyin ofishinsa ya sa Mala atishawa, saiwa ya tambaya. Muka ce tana bakin babban titi. Ya dafe ƙirji. "Subhanallahi! So kuke mu shiga hurumin tarayya? Mu masu biyayya ne ga kundi."

Alhajin Can Sama na tarayya ba mu gan shi ba, wai yana taron kusanto da gwamnati ga jama'a. Sakatarensa dai ya yi mana bayani cewa saiwar da ta tumɓuke ta bar ƙasa, don haka ta bar titinsu.

Ku faɗi gaskiya, kun taɓa ganin bayin Allah masu gudun cin haƙƙin juna kamar manyan nan namu? Ni har ƙwalla na yi.

Mala ya gaji, ya ɗauko mai injin yankan itace. Injin na fara kuka sai ga motoci uku, kowacce da jami'inta.

"Wa ya ba ku izinin taɓa dukiyar gwamnati?"

Mala ya russuna. "Ta wacce, ranku ya daɗe?"

Su ukun suka haɗa baki: "Tamu!"

Nan fa suka bar mu suka koma kan juna, kowa na jawo sashe da ƙaramin sashe. Da rana ta yi zafi suka yanke cewa za a kafa kwamiti, in ya gagara a je kotu ta fassara kundin. Kafin nan, kada wanda ya sare ko tsinke.

Mu maza muka koma dakali muna sharhi. Hajiya Luba mai waina kuwa tana gefe tana tuyarta. Da safe na gan ta tana jan busasshen reshe.

Na ce, "Hajiya, an fa hana sara."

Ta ce, "Wa ya ga na sara? Tsinta na yi."

Matan lungu suka bi sahunta, kowacce na tsinta, wasu ma da gatari suke tsintar. Ranar da kwamiti ya iso da kyamara, adaidaita na tsaye a ƙofar Baba 'Yardada, ba abin da ya rage sai saiwa. Suka tsaya gabanta suka ɗauki hoto, kowa ya taya kansa murnar buɗe hanya.

Yau da safe na sayi waina, na tambayi Hajiya Luba da itacen wace gwamnati ta toya.

Ta ce, "Ci ka yi shiru, Malam Ilu. Ƙaramar hukuma ta ƙare tuni, wannan jiha ce. Tarayya tauri gare ta, sai na wasa gatari."

Na ci, na yi shiru. Tun da nake, ban taɓa samun aikin gwamnati da zafinsa ba sai yau, har da ƙarin yaji.